Gurbin Igiyar Inna

Rijiyar da ke tsakiyar unguwar ta girmi duk mai shan ruwanta. Ta girmi titin da ke gefenta ma, don da titin ya zo sai da ya kauce mata, shi ya sa har yanzu yake da doro a wurin. Bakinta duwatsu ne baƙaƙe, manya-manya, waɗanda mutanen da suka jera a kewaye, tsayinsu bai wuce gwiwar babban mutum ba. Igiyoyi kuwa sun ci duwatsun nan sun yi musu gurabe, wani ɗan siriri kamar yakushin mage, wani mai zurfi har yatsu biyu su shige su ɓace. Kowane gida da gurbinsa. Ba wanda ya raba, amma amarya ta kuskura ta jefa igiya a gurbin da ba na gidan mijinta ba, kafin guga ya taɓa ruwa an gaya mata.

Gurbin da ya fi kowanne zurfi na Innar Magini ne. Surukarta ta ja a ciki, ita ma ta ja tun tana amarya, har ta aurar da 'ya'yanta, mijinta ya rasu, ta rage ita kaɗai a ɗakinta na ƙarshen lungu.

'Ya'yan nata biyu ne, duka maza. Babban, wanda kowa ke kira Yaya, yana aikin ofis a tashar jirgin ƙasa ta babban birni. A bene yake zaune, ruwa kuma a cikin gidansa yake fitowa daga famfo, abin da a wancan zamani in an ba ka labari sai ka ce ƙarya ne. Ƙaramin shi ne Magini. Gemunsa ya fara furfura, 'ya'yansa sun tasa, amma a bakin Inna har gobe Auta ne. Mutumin kirki, ga sanyin hali, sai dai yana da ciwo ɗaya irin na masu sana'arsa: ba ya iya ganin tsaga ya wuce. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, idonsa na bango. An taɓa ganinsa a gidan makoki yana cusa taɓo a ramin gara da babban yatsa, ana tsakiyar addu'a.

Yaya ya daɗe yana son ɗauke Inna ya kai ta wurinsa. Kowane zuwa sai ya tayar da maganar, kowane zuwa sai ta kashe ta. Da ya matsa mata, ta ce, "Saurara in gaya maka. Ranar da na kasa jan ruwana da hannuna, zo ka ɗauke ni, ba zan ce uffan ba. Kafin nan ka bar ni da ɗakina da maƙwabtana." Yaya kuwa mutum ne mai riƙe magana kamar yadda yake riƙe lokacin jirgi. Ya ce ya ji, ya kuma ajiye.

To, akwai abin da Yaya bai sani ba, Magini ya sani. Wata rana ya biyo ta wurinta daga aiki, ya sauke rabin buhun siminti a tsakar gida, ya tsaya yana karkaɗe riga bai riga ya yi sallama ba. Inna ta fito daga ɗaki, ta suri tsintsiya ta nufi buhun.

"Kai! Akuyar wace ce wannan kuma? Fita!"

Sai da ta kai masa duka biyu kafin ƙura ta shiga hancinta. Magini ya fara dariya, sai ya ga ita ba ta yi. Ya matso ya duba idanunta da kyau, ya ga farar yana ta rufe su.

"Inna, tun yaushe?"

"Rufe min baki. Haske ina gani, duhu ina gani, mutum in ya motsa ina ganin inuwarsa. Me ya rage? Fuskokinku? Dama na gaji da su." Ta laluba kujerarta ta zauna. "Auta, maganar nan mu biyu ne. In Yayanka ya ji, daga bakinka ta fito."

"To ruwa fa? Bari in riƙa kawo miki."

"Ka kawo min, maƙwabta su gani, kafin mako ya zagayo labari ya hau jirgi. A'a."

Sai ta gaya masa yadda take yi. Tun da jijjifi take fita, kafin matan unguwa su tashi, ta bi bango da kafaɗa har bakin lungu, ta miƙe zuwa rijiya. In gwiwarta ta taɓa dutse, sai ta bi bakin da tafin hannu har yatsunta su faɗa gurbinta. In sun faɗa, ta san ƙafarta na kan shimfiɗaɗɗen dutsen nan da ba ya santsi, ta san magudanar da ruwan zuba ke bi tana can ɗaya gefen. Gurbin kuma yana taya ta ja. In hannu ya gaji guga na rabin hanya, sai ta danne igiyar a ciki, ta tsaya cak, ta huta, ta ci gaba.

Haka aka yi ta tafiya, damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ba wanda ya gane.

Ana nan sai hukumar gari ta tashi da maganar ruwa. Aka fara haƙa ramin bututu a babban titi, aka kafa famfo ɗaya a bakin kasuwa, mutane na zuwa kallonsa kamar an kawo zaki. Unguwar su Inna kuwa aka ce sai baɗi, waɗanda suka san halin hukuma suka ce baɗin baɗaɗa. Kafin nan, in ji duba-gari, za a gyara tsofaffin rijiyoyi, don ruwan wanki da na ƙafa yana bin tsagogin duwatsu yana komawa ciki. A shafe bakin kowace da siminti. Aikin rijiyar unguwar, Magini aka ba. Shi ne aikin hukuma na farko da ya taɓa shiga hannunsa, ran nan har tafiyarsa ta canza.

Inna ta ji labari kafin ya kai mata. "Auta, an ce kai ne. Ka shafe abin da za ka shafe, ka bar min gurbina."

"Haba Inna, sai kin faɗa?"

"Na faɗa ɗin. Na san hannunka."

Aka jera katako aka rufe rijiyar, unguwa ta koma ɗiba a wata can bayan makaranta. A kwanakin nan kam Inna ta yarda ya kawo mata ruwa, tun da kowace tsohuwa kawo mata ake yi. Magini ya yi aiki, wallahi ya yi aiki. Ya wanke duwatsun, ya cike tsagogi, ya bi gurabun mutane ɗaya bayan ɗaya ya shafe, mata na tsaye suna mita yana ce musu umarnin hukuma ne. Ya goge saman da cokalin gini har yana ɗaukar ido. Gurbin Inna kaɗai ya bari, ya zagaye shi da kyau, ya gyara gefensa da yatsa.

Akwai wani wanzami da ke shimfiɗa tabarmarsa a gindin bishiyar da ke fuskantar rijiyar, mutumin da askarsa ba ta kai harshensa kaifi ba. Ranar da za a zo duba aiki, ya taso ya zagaya rijiyar, hannuwa a baya, ya tsaya daidai gurbin.

"Magini, wannan fa? Siminti ne ya ƙare, ko wushirya ka yi mata don ta samu miji?"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Na tsohuwarsa ne ai. Namu ne na banza."

"Af, to a gaya wa duba-gari haka," in ji Wanzami. "Shi kuma ya gaya wa na sama da shi, maginin nan ya iya aiki, sai dai in ya zo ƙarshe yakan tuna da mamarsa."

Magini ya yi murmushin yaƙe. Ya ja da baya ya dubi aikin daga nesa, yadda baƙo zai gan shi. Da'ira ce sumul, fara tas, ga baƙin rami guda a jikinta. Ya kau da kai, ya sake dubawa, ramin ya ƙara girma a idonsa. A cikin kwano kuwa akwai ragowar kwaɓaɓɓen siminti, ɗan kaɗan, ya fara ƙarfi. Ya ce a ransa, bari in rufe shi na ɗan lokaci, duba-gari na juya baya in kwashe tun yana ɗanye, wa zai sani? Kafin ya gama tunanin, hannu ya riga ya gama aikin.

Duba-gari bai zo ba sai da rana ta karkata. Ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya ce bai ga irin wannan aiki a duk garin ba, gobe a buɗe wa mutane. Sa'an nan ya kama hannun Magini ya ce zo mu je ka ga wata rijiyar a ƙetaren gari, ita ma kai za ka yi. Ana jan mutum da hannu zuwa ga arziki, ya ce a tsaya ya tono rami? Ya bi shi. Da ya dawo rana ta faɗi. Ya danna babban yatsa a wurin, siminti ya kama kamar ƙashi.

Ya tsaya a bakin lungun Inna, yana hango hayaƙin girkinta. Da ya shiga ya ce mata kada ta fita gobe, da shi ke nan. Amma in ya shiga za ta tambaya, in ta tambaya dole ya faɗa. Ya ce gobe da sassafe zai zo da guduma ya buɗe kafin ta fito, ba sai ta ji ba. Ya wuce gida. Matan unguwa kuwa ba su jira gobe ba, tun da yamman suka janye katakon, Inna na daga ɗakinta tana jin ƙarar guga.

Ya zo da sassafen, gudumarsa a hannu. Sai dai sassafen magini daban, na Inna daban.

Mai wanki ce ta tsince ta, maƙwabciyarta ta jikin bango, wadda ita ma sammako take yi. Daga inda aka same ta, da saluɓar da ke tafinta, Magini ya gane yadda abin ya faru ba sai an gaya masa ba. Inna ta bi bakin rijiyar da hannu, ta zagaya, ta sake zagayawa, ko'ina sumul. Da ta fara jin motsin ƙofofi, ta ji tsoron a same ta tana lalube, sai ta jefa guga daga inda take tsaye, ashe a kan magudana take. Guga ya cika, ta ja ya zo rabi, hannu ya gaji, ta danne igiya kamar yadda ta saba. Igiya ta zarce a kan siminti ta saluɓe mata fata. Ta naɗe ta a wuyan hannu don kada guga ya tafi, nauyin ya fizge ta, ƙafa ta zame, ta faɗi a kan hannun. Allah ya taƙaita, gefe ta faɗi, ba ciki ba.

Da ya iso, ɗakin cike yake da mata, mai ɗori na ɗaure mata karare a hannun dama. Ya ɓoye gudumar a bayan ƙofa.

"Santsi ne," Inna ke gaya wa kowa. "Sabon abu ai sai an saba. Ku ma ku kula."

Da aka watse, ya durƙusa a gabanta yana jiran ta fara. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa kuka. Ta juyo da fuskarta inda numfashinsa yake ta ce, "Auta, ka sa wani abu a cikinka kuwa? Akwai shayi a buta, ɗauki."

Da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya sha shayin nan yana jin kamar yashi yake haɗiya.

Da hantsi ya koma rijiyar da guduma da ƙarfen sassaƙa. Ya san wurin, ko a mafarki ya san shi. Ya fara sara. Amma shi da kansa ya wanke dutsen ya jiƙa shi don siminti ya kama, ga shi kuwa ya kama. Duk abin da ya ɓalle sai ya ɓalle har da jikin dutsen. Gurbin da igiya ta yi shekara da shekaru tana lasa har ya yi laushi kamar cikin cokali, ya koma wani rami mai haƙora.

"Jiya ka cike, yau kana tonewa," in ji Wanzami daga tabarmarsa. "Gini ne wannan ko kitso?"

Magini bai ɗago ba. Ya ari gugan wata mata ya gwada, ja ɗaya zare ya fara tashi a jikin igiyar. Mai gugan ta karɓe abinta tana harararsa. Ya goga wurin da dutse, ya goga da yashi, har rana ta take, har yatsunsa suka yi jini. Can Wanzami ya daina magana, ya taso ya ajiye masa kofin ruwa a gefe, ya koma tabarmarsa.

Wani ya buga wa Yaya waya. Ba a san ko wane ne ba, unguwa dai ba ta rasa masu taimakon da ba a roƙe su ba. Yaya ya aiko cewa yana tafe da zarar ya samu izini a ofis.

Kwanakin jiran nan Magini bai san yadda ya yi su ba. Ya fara aikin rijiyar ƙetaren gari, ana ta yaba masa, yana amsawa da ka. Matarsa ta ajiye masa abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce gajiya ce. Safe da yamma yana wurin Inna, ya cika randa, ya hura wuta, ya zauna yana jiran ta ambaci gurbin ko da sau ɗaya ne. Ta yi masa hirar kowa da komai, ban da wannan.

Ranar da Yaya zai iso, Inna ta shirya kamar mai shirin yaƙi. Ta sa matar Magini ta share ɗakin ta mayar da kowane abu inda yake, kofuna a gefen hagunta, buta a gaban gwiwarta. Ta sa aka ajiye kujerar baƙi daidai bakin ƙofa, inda haske ke shigowa.

"Kai kuma," ta ce wa Magini, "aikinka ɗaya ne. Ka zauna ka yi shiru. Ka iya?"

"Na iya, Inna."

Yaya ya iso da jakarsa da agogonsa da warin hayaƙin jirgi. Ya gaishe ta ya zauna, kujerar ta yi ƙara.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Wannan tumbi fa? Jirgin ne ya ɗauko ka, ko kai ka ɗauko shi?"

Yaya ya yi dariya ya shafa cikinsa. "Zaman ofis ne, Inna."

"Ga furfura ta cika kai. Kwanan nan za a ce kai ka haife ni."

Ta zuba masa shayi da hagu, tana sauraron ƙarar kofin, ta tsaya daidai inda ya kamata, ko ɗigo bai zuba ba. Ta tambayi matarsa da yaran, kowa da sunansa, ta yi masa faɗan rashin zuwa. Magini na gefe yana kallo, tsoro na cin sa, tsohuwar nan kuma na burge shi.

Bayan an ci abinci, Yaya ya ce zai je ya ga rijiyar. Ya je shi kaɗai ya dawo, ya zauna ya gyara murya, irin gyaran da duk gidan suka sani.

"Inna, akwai magana tsakaninmu."

"Akwai. Na ce ranar da na kasa. Ban kasa ba, faɗuwa na yi. Kai ba ka taɓa faɗuwa ba? Ni na ɗaga ka a bakin rijiyar nan, wando sharkaf, kana kiran babanka. Mai wanki ma shekaranjiya ta zame, ita ma a kai ta birni?"

"Hannun dama ne fa."

"Ƙashi ne, zai haɗu. Mai ɗori ya ce ƙashina na 'yan mata ne."

Suka yi ta ja, tana ba shi dariya yana ƙoƙarin ɗaure fuska, har ya sauke numfashi ya ce, "To shi ke nan. In ɗori ya kama zan dawo. In na ga kin ja guga, na bar ki. In kin kasa, ba gardama."

"Ba gardama," in ji Inna. Magini ya ga kafaɗunta sun sauka. Ta ci. Ta samu 'yan watanni, a cikinsu kuwa za ta koyi sabon bakin rijiyar kamar yadda ta koyi komai.

Da Yaya ya tsaya nan, da an tashi lafiya. Sai ya juyo ga ƙanensa, fuska a sake.

"Na ga aikinka, Auta. Ka yi ƙoƙari, wallahi na ji daɗi. Ban da wani ɗan iska da ya fasa gefe guda, ba abin da za a ce. Kada ka sa a ranka, ba laifin aikinka ba ne. Tsufa ne. Ƙafa ta fara gajiya, ita ce dai ba ta yarda ba."

Kwana da kwanaki Magini na ɗauke da abin nan a ƙirji, ba wanda ya zage shi ya rage masa. Yanzu ga yabo an ɗora a kai. Ya ji maganar na tasowa. Ya ji Inna ta yi tari, tarin da ya san ma'anarsa tun yana yaro, amma magana ta riga ta kai baki.

"Ba ƙafarta ba ce, Yaya. Ƙafar Inna lafiya lau. Ni ne. Ta ce in bar mata gurbinta, na yi alkawari, na zo na cike shi don kada a yi min dariya. Ta je ta yi ta lalube ba ta same shi ba, shi ya sa ta tsaya a kan magudana. Fasawar ma ni ne, ina neman in mayar. Kada ka ɗora mata, ni ne."

Ya tsaya yana huci. Na ɗan lokaci ya ji sakayau, kamar wanda ya sauke buhu.

Yaya bai yi fushi ba tukuna. Ya karkata kai, yadda yake yi in jirgi ya shigo ba a lokacinsa ba. "Lalube?" ya ce. "Me za ta laluba? Magudana ce fa, ga ta nan baƙa ƙirin da gansakuka, daga titi ana hango ta. Duk mai ido..." Ya tsaya.

Yaya ya ɗaga hannunsa a hankali, ba ta wajen ƙofa ba, ta gefen da ba haske, ya riƙe shi kusa da fuskar Inna.

"Inna, mene ne a hannuna?"

"Ni 'yar makarantarka ce?"

"Inna."

Ta kau da fuska. Sa'an nan ta ce, "Sauke hannunka, kar ya gaji. Ko raƙumi ka riƙe ba zan gani ba."

Yaya ya sauke. Ya juyo ga Magini, muryarsa ta yi ƙasa, abin da ya fi ihu muni. "Tun yaushe ka sani?"

"An kwana biyu."

"Bara?"

"Bara waccan."

"Bara waccan. Kullum da duhun asuba, ita kaɗai, a bakin rijiya buɗaɗɗiya, kai kana gida kana barci. In da ciki ta faɗa fa? Me za ka buga min a waya? Santsi ne?"

Magini ya shiga alkawari. Ya ce zai riƙa kawo mata ruwa safe da yamma. Ya ce zai kwaso iyalinsa su dawo lungun, ko shi ya riƙa kwana a ƙofarta. Ya ce ai famfo na zuwa. Yaya ya bar shi ya gama, ya ce, "Wuta fa? Wuƙa fa? In sake ba ka amanarta bayan wannan?"

"Ya isa haka," in ji Inna. "Auta, ajiye. Ban ce ranar da aka rasa mai ja min ba, cewa na yi ranar da na kasa ja. Wanda ya san ba na gani ba zai bar ni in kusanci rijiya ba. Yanzu Yayanka ya sani, gobe unguwa ta sani. To na kasa ke nan." Ta juya wajen ƙofa. "Yaushe jirginka?"

Kayan ba su da yawa. Akwati ɗaya, bargo, 'yan kwanoni. Randa ba ta hawa jirgi, ta ce a ba Mai wanki. Magini ya ɗaure kayan, ya kwance, ya sake ɗaurewa, don hannunsa ya samu abin yi. Yaya bai ƙara yi masa magana ba sai ta kan kaya, ɗauko wancan, ajiye wannan.

Da safiyar tafiya Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙa hannun hagu. "Kawo gwiwar hannunka. Tun da an tona, bari in more."

Ta bi tsakiyar lungun, kai a ɗage. Mata suka fito ƙofofinsu, ta gane kowace da muryarta, ta yi wa wannan tsiya, ta bar wa waccan sallahu. Mai wanki na kuka, ta ce mata ta adana ruwan idon ta yi ɗauraya da shi. Da suka zo gindin bishiya Wanzami ya miƙe tsaye, ya buɗe baki ya rufe.

"Wanzami, yau ban ji ka ba," in ji Inna. "Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau, Inna. Allah ya kiyaye hanya."

Ana ta jan ruwa a rijiyar, guguna na ƙara. Ba ta juya wajen ba.

Da suka hau hanyar tasha, Yaya ya yi gaba da akwati. Magini ya ce, "Inna, ki yafe min."

"Wanne? Na farko ko na biyu?"

"Duka."

"Na farkon hannunka ne, na san shi, ni na haife shi. Ban yi mamaki ba. Na biyun ne ya ba ni haushi. Na riga na ci shari'ar, Auta. Shirunka kaɗai na roƙa."

"Na kasa jurewa ne yana cewa ke ce kika gaza."

"A'a. Ba don ni ka faɗa ba. Nauyi ka ji, ka nemi inda za ka sauke, ka sauke a kaina."

Suka yi tafiya mai ɗan nisa. Yana jin yatsunta a gwiwar hannunsa, sirara, masu ƙarfi.

"Rage sauri, ba biki za mu ba," ta ce. "Na yafe. Amma haushin bari in riƙe shi tukuna, zai taya ni hira a bene."

A tasha ta kwance makullin ɗakinta daga bakin zane ta damƙa masa. "Ka riƙa buɗe taga lokaci-lokaci. Ɗaki in an kulle shi wari yake yi."

"Ai za ki dawo, Inna. In hannun ya warke, in famfon ya iso..."

Ta laluba matakalar jirgin da ƙafa, Yaya ya tallafe ta daga sama. Magini ya miƙa wa Yaya hannu ta taga. Yaya na gyara mata wurin zama, bai gani ba, ko kuwa ya gani. Jirgi ya yi kuka ya tashi.

Magini ya tsaya har 'yan rakiya suka watse. Sa'an nan ya koma gida ta doguwar hanya, ta bayan kasuwa, inda ba wanda zai tare shi ya tambaye shi ko tsohuwa ta tafi lafiya.